Ma'anar "zuriyar Mayflower" da yadda ake tabbatar da ita

A Amurka idan aka ce wane zuriyar Mayflower ne, ana nufin salsalarsa ta miƙe ba yankewa har zuwa ɗaya daga cikin fasinjojin jirgin ruwan Mayflower, wanda ya taso daga Ingila ya iso gaɓar da yau take cikin jihar Massachusetts a watan Nuwamba na 1620. Fasinja 102 jirgin ya ɗauko, kuma kusan rabinsu sanyi da cuta suka kashe a hunturun farko. Waɗanda suka rayu suka kafa garin Plymouth a ƙasar 'yan ƙabilar Wampanoag. Daga waɗannan 'yan tsiraru ne ake ƙiyasin miliyoyin mutane suka fito.

Sai dai faɗa da baki ba ya wadatarwa. Akwai ƙungiyar zuriyar Mayflower da aka kafa a Plymouth a 1897, kuma ba ta karɓar kowa sai ya kawo takardar shaida a kan kowane tsani: wane ya haifi wane, a ina, yaushe, wa ya aura. Wanda ya yi karatun hadisi zai gane tsarin nan da nan, don kamar isnadi yake. Ko mutum goma sha biyu sun inganta a jere, idan na sha uku bai tabbata ba, ruwayar ta faɗi.

John Howland ya isa misali. Ya shigo jirgin ne a matsayin baran John Carver, wanda ya zama gwamnan Plymouth na farko. A tsakiyar teku guguwa ta wurga shi cikin ruwa, Allah ya sa ya cafke wata igiyar jirgin da ke reto, aka jawo shi. William Bradford, gwamnan da ya gaji Carver, shi ya rubuta wannan labari, kuma shi ne wajen 1651 ya jera sunayen fasinjojin tare da bayanin wa ya mutu, wa ya yi aure, wa ya haihu. Howland ya auri Elizabeth Tilley, yarinyar da iyayenta duka biyu suka rasu a hunturun farko. Suka haifi 'ya'ya goma, mata shida maza huɗu, jikoki kuwa sun haura tamanin. Cikin zuriyarsu akwai shugabannin Amurka uku: Franklin Roosevelt da George Bush uba da ɗa.

Babu ko ɗaya cikin ukun da ke amsa sunan Howland, kuma nan wahalar aikin ta fara. A al'adar Turawan Ingila mace tana ajiye sunan gidansu ranar aure ta ɗauki na miji. Desire Howland ta zama matar Gorham, Hope Howland ta zama matar Chipman, 'ya'yansu mata su ma suka sake suna. Mai bincike da ya tsaya kan sunan uba kaɗai zai rasa mafi yawan dangin. Sau da yawa ma takardar ba ta ambaci sunan gidan matar ba, sai dai a ga "Mary, matar wane", a bar ka da neman ko 'yar wace ce.

Abin da ke ceton mai bincike shi ne yawan rubuce-rubucen mutanen New England, yankin arewa maso gabashin Amurka da Plymouth ke ciki. Tun ƙarni na 17 akawun gari ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Coci na da littafin baftisma, kotu na ajiye wasiyya da lissafin kayan gado, ga takardun cinikin fili, ga duwatsun kaburbura masu ɗauke da suna da shekaru. A ganina wasiyya ta fi su duka daraja, domin a cikinta uba kan lissafa 'ya'yansa da bakinsa, har ya ce "'yata wance, matar wane". Layi ɗaya irin wannan yana iya ɗinke abin da aka shekara ana nema.

To amma takardun suna da tarkonsu. Kafin 1752 Ingila da yankunan da take mulka suna fara sabuwar shekara ne ranar 25 ga Maris. Saboda haka ake rubuta rasuwar Howland da Fabrairu 1672/3: a lissafinsu 1672 ce, a namu 1673. Wanda bai san haka ba yana iya ganin an haifi yaro a Fabrairu na shekarar da iyayensa suka yi aure a Afrilu, ya ɗora musu zargin da ba su ji ba ba su gani ba, alhali watanni goma ne tsakani. Haka kuma laƙabin babba da ƙarami da ake liƙa wa suna ba lallai yana nufin uba da ɗa ba. Idan mutum biyu masu suna ɗaya suna zaune gari ɗaya, akawu kan bambanta su da shekaru kawai, ko da ba su haɗa komai ba. Idan yaro ya rasu kuwa, akan mayar wa na bayansa sunan, sai ka tarar da John biyu a gida ɗaya, ɗaya ya mutu a goye ɗaya ya tsufa. Littattafan tarihin iyali da aka buga a ƙarni na 19 sun sha haɗe irin waɗannan mutane su mai da su mutum guda, kuma yau kurakuran nan sun bazu a intanet, kowa na kwafa daga kowa. Domin rage wannan ruɗani ƙungiyar ta fitar da jerin littattafai da suka tantace tsatso biyar na farko na iyalan jirgin. Mai neman shiga sai ya haɗa kansa da wani da ke cikinsu.

Tsakiyar tafiyar ta fi ba da wuya. Bayan Amurka ta samu 'yancin kai iyalai sun yi ta ƙaura yamma, zuwa New York da Ohio da gaba, wuraren da ba a fara rajistar haihuwa da wuri ba. Ƙidayar jama'a ta farko a 1790 sunan maigida kaɗai ta rubuta, sauran 'yan gida adadi ne. Sai a 1850 aka fara rubuta sunan kowa a gida, ban da bayi. Takardun ƙidayar 1890 kuwa gobara ta lalata yawancinsu a Washington a 1921. Gwajin ƙwayar halitta yana taimakawa, musamman wanda ke bin layin maza zalla ko na mata zalla, amma gwajin da aka fi saye ba ya hango nesa haka. Idan ka koma baya tsatso goma sha biyu, guraben kakanninka 4,096 ne, fasinjan Mayflower guda ne a cikinsu, kuma yana yiwuwa ba ka gaji komai a jininsa ba.

Ba banza ba irin waɗannan ƙungiyoyi suka bunƙasa a ƙarshen ƙarni na 19, daidai lokacin da baƙi daga kudanci da gabashin Turai ke kwarara Amurka. Akwai son tarihi a ciki, akwai kuma son a ce mu ne 'yan asali. Sannan hujjar da suke nema takarda ce, takarda kuwa mai fili da dukiya take bi. An kawo 'yan Afirka Virginia a 1619, shekara guda kafin Mayflower, amma jikokinsu ba su da akawun da ya rubuta aurensu. Dokar Virginia ta 1662 ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, wato ɗan baiwa bawa ne ko wane ne ubansa, don haka sunan uban ba ya shiga rubutu. Baƙar fatan Amurka da ke neman asalinsa yakan ci karo da bango a ƙidayar 1870, wadda ita ce ta farko bayan soke bauta, ta kuma rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. Kafin nan sai dai ya shiga takardun gadon iyayen gijinsu, inda akan sami sunan yanka kawai da farashin da aka yi wa mutum, a jere da shanu da kayan ɗaki.