Jos ba ita ce ƙololuwar Najeriya ba

Da an ambaci tuddai da sanyi, sai ka ji an ce Jos. Jama'a da dama sun ɗauka can ne ƙarshen tsayin ƙasar nan, alhali birnin bai wuce kimanin mita 1,200 daga teku ba. Tsaunin Mambila a Jihar Taraba ya kai kimanin mita 1,600, kuma dutse mafi tsawo a Najeriya, Chappal Waddi, mita 2,419, yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a iyakar Kamaru.

Jos dai ta yi suna ne saboda kuza da jirgin ƙasa. Mambila kuwa sai ka sha hanya: daga garin Serti ka kama hawan Mayo-Selbe, mota na nishi, lanƙwasa bayan lanƙwasa, kunne na toshewa. Da ka haye sai ciyawa shar, shanun Fulani, gonakin shayin Kakara, da hazon da ke rufe gari da safe. A kurmin Ngel Nyaki har birai masu kama da mutum ake samu.

Mai niyyar hawan Chappal Waddi ya bari sai rani, ya nemi ɗan jagora, ya riƙe rigar sanyi.