Wanda Ya Yi Yunƙurin Kashe Kansa: Me Doka Ta Ce Game Da Kai Shi Asibiti?

Maganganu biyu ke yawo a bakin mutane, kuma duk biyun suna da gyara. Wasu na cewa tun da tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023, yunƙurin kashe kai ya daina zama laifi a Najeriya. Wasu kuma na cewa duk wanda ya kai irin wannan mutum asibiti, da shi da marar lafiyar 'yan sanda za su yi awon gaba da su. Ta biyun ita ce mai ɗaga hankali, domin ita ke sa iyali su kulle ɗansu a ɗaki suna ba shi jiƙe-jiƙe, a daidai lokacin da likita kaɗai zai iya ceto ransa.

Dokar 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda asalinta daga Turawan mulkin mallaka ne. Ta shafi duk mai lalurar ƙwaƙwalwa, har da mai ciwon damuwa, ta hana a nuna masa wariya a wajen aiki ko neman magani, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da mutum ba da yardarsa ba. Amma ba ta taɓa kundin laifuffuka ba. Sashe na 231 na Final Kod, wato kundin laifuffukan da jihohin Arewa suka gada, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. A Kudu, sashe na 327 na nasu kundin shi ma shekara ɗaya ya ce. Legas ce ta sauya nata, inda kotu kan ba da umarnin kai mutumin asibiti a madadin gidan yari.

To ina batun kama wanda ya kai agaji ya samo asali? Wataƙila daga rashin fahimtar sashe na 228 na Final Kod, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga wanda ya "taimaka" wajen kashe kai. Taimakon da ake nufi a nan shi ne ingiza mutum, ko zuga shi, ko samar masa da abin da zai hallaka kansa da gangan. Maƙwabcin da ya ɓalle ƙofa, ya saɓa yaro a kafaɗa ya tsayar da mota cikin dare, bai aikata ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Uwar da ta zauna a bakin gadon asibiti ma haka. Babu sashen da ya mai da ceton rai laifi.

Akwai ma dokar da ke bayan mai kai agajin. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya ƙi kuwa yana fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Sashe na 26 kuma ya wajabta rufe sirrin marar lafiya, sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko wasu 'yan dalilai da dokar ta ambata.

Ni dai ban ga adalci a sashe na 231 ba. Masu kare shi kan ce addini ya haramta kashe kai, kuma gaskiya ne ya haramta. Sai dai mutumin da ciwon damuwa ya ci ƙarfinsa, ya daina barci, ya daina cin abinci, yake ganin ya zame wa iyalinsa kaya, tsoron kurkuku ba ya hana shi komai. Abin da tsoron ke hanawa shi ne faɗin gaskiya ga likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kuma yunƙurin farko na daga manyan alamun cewa za a iya sake wani. Wanda aka ɓoye, ke nan, an bar shi cikin haɗari.

Ghana ta soke irin wannan laifi a 2023, wata babbar kotu a Kenya ta yi watsi da nasu a Janairun 2025. A Najeriya, Ma'aikatar Lafiya ta kafa kwamiti a 2024 don a soke shi, amma kafa kwamiti daban, gyaran doka daban. Majalisun jihohi ma sai sun gyara nasu kundin.

Idan wani na kusa da kai ya fara cewa ya gaji da rayuwa, tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta cusa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kira lambar gaggawa ta 112 ko a nufi asibiti mafi kusa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Maiduguri, da Kware a Sakkwato, akwai kuma na Dawanau a Kano.