Madogarar da jiki ke gina sabon nama a kanta: tambayoyi da amsoshi

Wai mece ce wannan madogara da likitoci ke sawa a rauni?

Ƙaramin yanka jiki ne ke haɗe abinsa. Amma idan wuta ta cinye fata har ƙasa, ko haɗarin babur ya tafi da guntun ƙashi, ƙwayoyin jiki ba su da abin takawa su tsallaka ramin. Sai likita ya shimfiɗa wani abu mai kama da soso, cike da ƙananan ramuka. Ƙwayoyin su shiga, jijiyoyin jini su biyo su, nama ya tsiro. Kamar katakon da magina ke kafawa kafin a zuba kankaren dakin ne, sai dai wannan ba a zuwa cire shi, narkewa yake yi a hankali.

Da me ake yin ta?

Da kolajin, wato sinadarin da ya fi yawa a fata, wanda duk mai cin ganda ya san danƙonsa. Ana kuma yi da ɓawon jatan lande, da siliki, da irin robar zaren ɗinkin tiyata mai narkewa. Ta ƙashi kuwa da ma'adinin kalsiyam ake yin ta.

An taɓa sa wa mutum ya amfana?

Ƙwarai. A Amurka John Burke da Ioannis Yannas sun ƙera fatar wucin gadi daga kolajin saniya, aka amince da ita a 1996 da sunan Integra, ana kuma ceton masu mummunar ƙuna da ita. A 2006 Anthony Atala ya ba da rahoton marasa lafiya 7 da aka gyara wa mafitsara da ƙwayoyin jikinsu da aka raina a kan madogara.

To me ya hana a ƙera ƙoda ko hanta?

Jini. Ƙwayar da ta yi nisa da jijiya fiye da kusan kashi 1 cikin 5 na milimita ba ta samun iskar da za ta rayu. Fata siririya ce, jini na saurin ratsa ta, amma ƙoda mai kauri tsakiyarta kan mutu kafin jijiyoyi su isa. Gaggawa a nan ta ci rayuka: wani likitan tiyata, Paolo Macchiarini, ya dasa wa mutane maƙogwaron roba a cibiyar Karolinska ta Suwidin, akasarinsu suka rasu, kotu ta yanke masa hukuncin ɗauri a 2023. Duk wanda ya ce zai sayar maka da ƙodar da aka ƙera, ka riƙe kuɗinka.

Gaskiya ne ana sa alade a ciki?

Wasu daga hanji ko fatar alade ake yin su, wasu daga saniya ko kifi, wasu ba dabba ko kaɗan. Haƙƙinka ne ka tambayi likita, ka kuma nemi fatawa wurin malaminka.

Mu a Zariya fa?

Tsada ce babbar matsala. Abin da aka fi yi wa mai ƙuna har yau shi ne a ɗebo fata daga cinyarsa a rufe raunin. Amma abin na damuna, don garin nan na da asibitin koyarwa a Shika, ga Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken fata da ƙirgi a Samaru, ga fatun shanu da awaki kullum daga mahauta. Ya kamata a ce masu bincikenmu sun sami tallafin tace kolajin a nan gida, musamman saboda yaran da ruwan zafi ke ƙonawa lokacin hunturu.