Mene ne "kub" na kankare, kuma me ake biya a cikinsa?

Duk wanda ya kai gininsa matakin zuba dal, wato rufin kankare, a Maraɗi zai ji magini na cewa "kub goma", "kub sha biyu". Kub ɗaya shi ne kankaren da zai cika akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1, wato lita 1,000. Nauyinsa ya kai kusan tan 2.4. Da wannan awo ake sayar da kwaɓaɓɓen kankare, irin wanda mota mai tulun nan da ke juyawa take kawowa har bakin gini.

Lissafin kansa ba wuya. Tsawo sau faɗi sau kauri. Dal mai mita 10 a kan mita 8, kauri santimita 15, kub 12 ke nan. Sai a ɗora kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, domin katakon da ke tare kankaren yakan buɗe, wani kuma ya zube ƙasa. In dal ɗin mai bulon tsakiya ne, bai kai haka ci ba.

Inda ake cin kasuwar mai gida shi ne yawan siminti. Kankaren ginshiƙi da dal ana yi masa kilo 350 a kowane kub, buhu 7 ke nan na kilo 50, da yashi kamar lita 400, tsakuwa lita 800, ruwa wajen lita 175. Na shimfiɗar ƙasan tushe kuwa kilo 150 ya ishe shi. Dukkansu sunansu kub, amma kuɗinsu ba ɗaya ba. Dal ɗin can na kub 12 buhu 84 yake ci. Idan an ba ka farashi mai sauƙin da ya wuce hankali, fara da tambayar kilo nawa ne na siminti a kowane kub, kuma a rubuta maka a takarda. Ko na Malbaza ne simintin ko wanda ya shigo daga Najeriya ta Ɗan Isa, ba zai yi abin da buhu 7 zai yi ba in an sa 5.

Sai kuɗin da ba a cika faɗa da wuri ba. Motar kan ɗauki kub 6 zuwa 8, kuma mai kub 3 yakan biya ladan gurbin da bai cika ba. Akwai na nisa, akwai na zaman jira in ma'aikata ba su shirya ba, akwai na famfon tura kankare sama in bene ne. Lungun da motar ba ta iya shiga, kamar a tsoffin unguwanni irin su Bagalam, sai an ɗauki ƴan baro, wannan ma kuɗi ne.

Lokaci kuma ba ya jira. Kamar awa ɗaya da rabi ake ba kankare daga kwaɓawa zuwa zubawa, zafin Afrilu da Mayu kuma yana rage wannan. Kada a yarda kowa ya ƙara masa ruwa don ya yi laushi, ƙarfinsa ake kashewa.

A ganina, ƙaramin aiki kamar ƴan ginshiƙai gara a kwaɓa a wurin da inji. Babban dal da ake so a zuba rana guda ne ya cancanci mota. Kowanne ka zaɓa, ka ware kuɗin sayen ruwan da za a riƙa ba kankaren na aƙalla mako guda, don sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa.