Keken ɗaki da fanka: mene ne shi, kuma me ya sa gumi kaɗai ba ya sanyaya jiki

Keken ɗaki, ko keken motsa jiki kamar yadda masu sayar da shi ke kiransa, keke ne da aka kafe a wuri guda. Yana da sirdi da feda da wurin riƙewa, amma ba ya zuwa ko'ina. A madadin tayoyin da ke taka ƙasa, wani faifan ƙarfe ne mai nauyi yake juyawa, akwai kuma abin murzawa da ake ƙara masa tauri ko a sassauta, mutum ya ji kamar yana hawan tudu ko yana gangara. Akwai wani nau'in da keken hanya ne na ainihi, a ɗora tayar baya a kan wata na'ura, ko a cire tayar ɗungurungum a haɗa sarƙar da na'urar. Duk dai a wurinmu sunansu ɗaya.

Tuƙa shi rukuni-rukuni, da kiɗa da mai ba da umarni a gaba, ya samo asali ne daga Kalifoniya ta Amurka, a hannun wani ɗan tseren keke haifaffen Afirka ta Kudu, Johnny Goldberg, wanda ya raɗa wa tsarin suna Spinning. Daga baya kamfanin Peloton mai sayar da irin waɗannan kekuna ya zo a 2012, manhajar Zwift ta tuƙin keke tare da wasu ta intanet ta biyo baya a 2014, sai kullen korona na 2020 ya cusa keken cikin ɗakunan mutane a duniya. A Katsina ma yanzu ba baƙon abu ba ne. Za ka gan shi jere a gidajen motsa jiki, za ka gan shi a kusurwar falon Alhajin da likita ya ce ya rage teɓa, ko a ɗakin Hajiyar da ba za ta hau keke a titin IBB ba ko da za a biya ta. Masu ciwon gwiwa ma sun fi samun sauƙinsa a kan gudu, tunda nauyin jiki yana kan sirdi.

Abu ɗaya ne keken hanya yake ba mutum kyauta wanda na ɗaki ya hana shi, ita ce iska. Wanda ya kama hanyar Daura yana gudun kilomita 25 a awa, iskar da ke dukan ƙirjinsa ta kai kusan mita 7 a kowace daƙiƙa, ko da ganye ba ya motsi a ranar. Shi ya ƙirƙiro ta da gudunsa. Na cikin ɗaki kuwa ƙafarsa na aiki iri ɗaya, zuciyarsa na bugu iri ɗaya, amma iskar da ke kewaye da shi a tsaye take cik. Daga nan batun fanka ya taso.

Jikin ɗan Adam ba injin kirki ba ne wajen tattali. Cikin ƙarfin da tsoka ke ƙonawa, kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kawai ke isa ga feda, sauran duk zafi yake zama. Allon da ke gaban wasu kekunan yana nuna ƙarfin tuƙi da ma'aunin wat. Idan ya nuna 150, wanda tuƙi ne na matsakaici ga namiji mai lafiya, to jikin yana haifar da zafin da ya kai wat 450 zuwa 600 a lokacin. Mutumin da ke zaune yana hutawa kusan wat 100 yake fitarwa. Da a ce wannan zafin ba shi da mafita sam, mutum mai nauyin kilo 70 zai riƙa ƙara digiri ɗaya na Salshiyas cikin kowane minti takwas ko makamancin haka. Zafin cikin jiki yana zama ne a wajen digiri 37, haɗari kuma yana farawa daga 40. Lissafin a bayyane yake, ba a cika rabin awa ba an kai.

Mafitar ita ce gumi, amma a nan mutane da yawa suke kuskuren fahimta. Fitowar gumi ba ta sanyaya kowa. Bushewarsa a kan fata ita ce ke sanyayawa. Ruwa ba ya komawa tururi sai ya zuƙi zafi daga abin da yake kwance a kai, kuma lita ɗaya ta gumi idan ta bushe tana tafiya da zafin da ya kai kalori 580 na ma'aunin abinci. Don a kwashe zafin tuƙin awa ɗaya irin wanda muka lissafa, sai kusan leda ɗaya da rabi ta fiya wata ta bushe a jikin mutum. Wanda ya ɗiga daga haɓa zuwa siminti, da wanda aka goge da tawul, da wanda ya taru a cikin takalmi, ruwa ne da gishiri da aka yi asara ba tare da sun rage komai ba.

Duk wanda ya sha ruwan randa ya san wannan ilimin ko da bai san sunansa ba. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Shi ya sa iyayenmu mata suke girke randa a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a ƙuryar ɗaki ba. A kan wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya-cikin-tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyahu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Randar da aka kulle a inda ba iska, jikinta zai jiƙe sharkaf amma ruwanta ɗumi.

Abin da ke faruwa a ɗaki ke nan. Gumin farko ya bushe, ya cika 'yar siririyar iskar da ke manne da fata da danshi, ita kuma ba ta da inda za ta, sai bushewa ta ragu. Jiki ya ga zafi bai sauka ba, ya ƙara buɗe famfo. Fanka ba ta rage zafin ɗaki ko da digiri ɗaya, injinta ma ɗan ƙara shi yake yi. Aikinta ta share wannan iska mai danshi ta kawo busasshiya, ta sake sharewa, ba tsayawa.

Akwai alamar da mai agogon auna bugun zuciya zai gani da idonsa. Ka fara tuƙi, bugun yana wajen 130 a minti. Ba ka ƙara tauri ba, ba ka ƙara sauri ba, amma bayan rabin awa sai ka ga ya haura 145 yana neman 150. Dalili shi ne jiki ya karkatar da jini mai yawa zuwa fata don ya kai zafi waje, ruwan jinin kuma ya ragu saboda gumi, don haka abin da zuciya ke turawa a kowane bugu ya yi ƙasa, dole ta ƙara yawan bugun. Ƙafa ba ta ƙaru da komai ba, zuciya ce ke biyan kuɗin zafi. Da fanka mai kyau wannan hauhawar tana raguwa sosai, mutum ya iya tuƙi mai tsawo kuma mai ƙarfi.

A gidan motsa jiki ba wuya ka ji gardama a kan wannan. Wani dattijo yana kan keke, ƙasan sirdinsa ta zama kududdufi, yaron da ke kula da wurin ya jawo fanka, sai ya ɗaga hannu: "Kai yaro, kawar da ita, gumin nake nema." Yaron ya ce, "Ranka ya daɗe, Baba, za ka gaji da wuri." Dattijon ya ce ai gajiyar ya zo saye. Wasu har leda suke ɗaurawa a ciki, ko su saka rigar sanyi a watan Afrilu, su rufe taga, wai don kitse ya narke. Kitse ba ya fita ta ƙofofin gashi. Ana ƙona shi ne a cikin tsoka, mafi yawansa kuma ta numfashi yake barin jiki. Kilo ɗaya da sikeli ya nuna ya ragu bayan awa ɗaya a ɗaki mai zafi lita ɗaya ce ta ruwa, tana dawowa da zarar an sha. Wanda ya kunna fanka ya yi minti arba'in da ƙarfinsa ya fi ƙona kitse a kan wanda zafi ya sauke a minti ashirin, ko da rigar na biyun ta fi jiƙewa. A ganina wannan ɗaure leda na daga cikin abubuwan da ya kamata masu gidajen motsa jiki su hana kai tsaye, ba su tsaya lallashi ba.

Ɗaya tsoron shi ne na sanyi. An ce iska ta bugi mai gumi, mura ko limoniya ta kama shi. Waɗannan cututtuka ƙwayoyin cuta ne ke kawo su, ba fanka ba. Abin da ke da gaskiya a ciki shi ne bayan an sauka daga keke jiki ya daina haifar da zafi, idan aka zauna gaban fanka da jiƙaƙƙiyar riga, musamman da asubahin hunturu, za a ji ɗari har da karkarwa. Maganinsa a kashe ta idan an gama, a canza riga.

Wace fanka? Ta sama tana taimakawa, amma iskarta a kan kai da baya take sauka kuma a watse. Ta tsaye ko ta ƙasa ta fi, a ajiye ta gaban keke kamar taku ɗaya ko biyu, a saita ta ga ƙirji da ciki inda fata ta fi faɗi, a hana ta waige-waige. Masu saita ta ga fuska kaɗai daɗi suke ji, idanu su bushe, gangar jiki kuwa tana dahuwa. Manyan fankokin ƙarfe irin na masallaci da wurin biki sun fi kusa da iskar hanya, sai dai ƙara. Kamfanin Wahoo ya fitar da wata a 2018 mai suna Kickr Headwind, wadda ke ƙara gudu da kanta idan bugun zuciyar mai tuƙi ya hau. Abin sha'awa ce, amma iskar ba ta fi iska ba. Wanda ya fi dacewa da halinmu shi ne fanka mai caji ko mai aiki da sola, don kada a ɗauke wuta ana tsakiyar tuƙi. In janareta za a tayar, ya zauna waje nesa da taga, domin mai numfashi sama-sama ya fi kowa saurin zuƙar gubar da ke cikin hayaƙinsa, wadda ba ta da wari. Taga kuma a bar ta a buɗe, in ba haka ba danshin gumin ne zai cika ɗakin, fanka ta riƙa juya shi.

Sai dai fanka ba kullum take aboki ba, kuma wannan ya shafi Katsina da Daura fiye da garuruwan da aka ƙera waɗannan kekuna dominsu. Zafin fata yana wajen digiri 33 zuwa 35. Idan iskar ɗaki ta fi haka zafi, fanka tana yin aiki biyu masu karo da juna, tana busar da gumi tana kuma hura wa jiki zafi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Sidni ta Ostareliya, aka buga a 2019, ya gwada yanayi biyu. A digiri 40 mai danshi fanka ta taimaka, a digiri 47 busasshe kuwa ta ƙara wa mutanen wahala, domin a busasshen yanayi gumi yana bushewa da kansa, fanka ba ta ƙara komai sai zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a yi amfani da fanka ne idan zafi bai kai digiri 40 ba. To mu a Maris da Afrilu da Mayu rana tana kaiwa 40 har ta wuce, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuwa sai wanda ya shiga. A irin wannan lokacin ba batun girman fanka ba ne, lokacin tuƙin za a canza, bayan sallar asuba ko can da dare idan bango ya huce. Jiƙa riga ko yayyafa ruwa a jiki yana taimakawa ƙwarai, tunda ruwan waje ma idan ya bushe zafi yake ɗauka, kuma ba daga jinin mutum ya fito ba.

Da damina labarin ya juya. A watan Agusta zafin bai kai na bazara ba, amma iska cike take da danshi, gumi ya ƙi bushewa, a lokacin ne fanka ta fi kowane lokaci amfani. Hunturu kuma yaudararsa daban, gumi yana bushewa tun kafin a gan shi, mutum ya ɗauka bai yi ba, alhali ruwa na ta fita.

Wannan yaudarar fanka ma tana yin ta. Mai tuƙi da ƙarfi yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa, kuma idan asarar ta kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ƙarfi yana fara raguwa. Hanya mafi sauƙi ta sanin naka ita ce hawa sikeli kafin tuƙi da bayansa, abin da ya ragu shi ne bashin ruwan da za ka biya sannu a hankali. Mai azumi ya bari sai bayan buɗa-baki. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon suga ya fara jin ta bakin likitansa, domin wasu magungunan hawan jini suna ƙara fitar da ruwa daga jiki. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ko tsigar jiki ta tashi ana cikin zafi, duk umarnin sauka ne. Idan kuwa mutum ya fara sambatu ko ya rikice, a jiƙa shi da ruwan sanyi nan take, a yi masa fifita, a nufi asibiti.

Keken ma yana da nasa rabon a wannan harka. Gumin da ya ɗiga gishiri ne, kuma a kan wurin riƙewa da kusoshi da sandar sirdi yake sauka. Cikin 'yan watanni tsatsa ta ci su, ranar da aka zo ɗaga sirdi don wani ya hau a tarar ya ƙame, sai an kira mai walda. A shimfiɗa tawul a kan hannun keken, a goge ƙarfen da ɗanyen tsumma bayan kowane tuƙi, a ɗan shafa wa kusoshin mai lokaci-lokaci.