Wai mece ce lambar da ba ta rabuwa?

Duk wanda ya zauna benci a CEG nan Damagaram ya ji mushe na lissafi yana cewa nombre premier, da yawa mun hardace don jarabawa kawai muka wuce. Abin da ake nufi shi ne lambar da ta fi 1 wadda babu abin da ke raba ta daidai ba saura sai 1 da ita kanta. Ka sayo dabino 12 a kasuwar Dole, yara 2 ko 3 ko 4 ko 6 kowa zai samu daidai, amma in 13 ne fa sai dai yaro ɗaya ya kwashe duka ko ka nemo yara 13. To 13 ba ta rabuwa kenan, haka 2, 3, 5, 7, 11, kuma 2 ce kaɗai cika a cikinsu, sauran duk mara ne.

Inda abin ke daɗi sai lamba ta girma, don ido na ruɗin mutum. Dubi 1001, ka rantse ba ta rabuwa, alhali 7 sau 11 sau 13 ne. Dabarar da aka koya mana, wai ka duba lambar ƙarshe ko ka tara lambobin ka ga ko 3 na shiga, tana aiki amma ba ta kai ka nesa. Kowace lamba komai girmanta ko dai ba ta rabuwa ko kuma irin waɗannan aka ninka aka same ta, ta hanya ɗaya tak, kuma tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa Yuklid na Girka ya nuna ba su da iyaka.

Akwai wani dangi da ake kira lambobin Mersenne, sunan wani malamin coci ne na Faransa da ya rasu a 1648: ka yi ta ninka 2 da kanta sannan ka cire 1, sai ka samu irin su 3, 7, 31, 127, duk ba su rabuwa. Ba kullum take ci ba, 2047 ma haka aka same ta amma 23 sau 89 ce. A Oktoban 2024 wani Ba'amurke Luke Durant ya gano wata a dangin nan, 2 har sau 136,279,841 a cire 1, mai lambobi 41,024,320. In shafi na ɗaukar lamba 2,000 sai ka cika shafi fiye da 20,000, wallahi bik nawa za su ƙare?

Masu cewa aikin banza ne su duba wayarsu. Ninka manyan lambobi biyu marasa rabuwa kwamfuta na yi kafin ƙiftawar ido, amma a ba ta sakamakon a ce ta nemo su waye aka ninka, nan take tsayawa, kuma kan wannan wuyar aka gina tsarin RSA a 1977 da ake kulle bayanai da shi a intanet har yau.