Sensar SQL a gida mai sarrafa kansa

Sensar SQL wata hanya ce da manhajar kula da gida take aika tambaya da yaren SQL, wato yaren yi wa rumbu tambaya, zuwa rumbun bayanai, amsar da ta dawo kuma sai a nuna ta kamar karatun sensa. Wato babu wata na'ura da aka liƙa a bango, ba waya ba batir, lamba ce kawai da aka zaro daga abin da aka riga aka ajiye. An fi saninta a manhajar Home Assistant.

Asali

Tushen abin ya girmi Home Assistant da shekara 40 da wani abu. A 1970 ne Edgar Codd, ma'aikacin kamfanin IBM a Amurka, ya fitar da takardar da ta kawo tunanin a riƙa jera bayanai cikin tebur-tebur masu alaƙa da juna, to daga nan ne abokan aikinsa biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka tsara yaren da za a riƙa yi wa teburan nan tambaya da shi, suka bayyana shi a 1974 da sunan SEQUEL, daga baya aka gajarta ya koma SQL, a 1986 kuma aka yi masa ƙa'ida a hukumance a Amurka. Amma wanda ya kamata a fi yaba wa a nan shi ne Richard Hipp da ya fitar da SQLite a 2000, rumbu ne da duk ya ƙare a fayil guda ɗaya, ba ya buƙatar wata babbar kwamfuta ta daban, shi ya sa 'yar ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi ma take iya riƙe tarihin gida gaba ɗaya.

Paulus Schoutsen ya fara Home Assistant a 2013 da yaren Python. Sensar SQL ɗin ta shigo ne wajen farkon 2018, da farko sai ka rubuta saitinta da hannu a fayil ɗin YAML, wato fayil ɗin rubutu da ake zuba saituna a ciki, sai kusan 2022 aka sa ana iya saita ta daga allo.

Yadda take aiki

Duk lokacin da kwan fitila ya kunnu ko zafin ɗaki ya canza, Home Assistant tana rubuta shi a rumbunta, in ba a taɓa saiti ba SQLite ne kuma kwana 10 take ajiyewa sai ta share. Mai gida zai rubuta tambaya da ta fara da SELECT, kalmar SQL ta zaro bayani, ya faɗi ginshiƙin teburin da yake so a ɗauka, manhajar kuma ta riƙa maimaita tambayar duk daƙiƙa 30. Layi ɗaya kawai take ɗauka daga amsar, kuma karatu kaɗai aka yarda ta yi, ba ta gogewa ba ta canza komai, wannan kariya ce mai kyau ƙwarai.

Da ita ana iya sanin sau nawa aka ɗauke wuta tun asuba, ko mafi ƙasan da batirin sola ya sauka cikin dare, ko girman shi kansa rumbun. Tana kuma iya leƙa wani rumbu na waje kamar MariaDB, MySQL ko PostgreSQL, misali inda wata manhajar inbata take zuba nata lissafin. Da zarar lambar ta fito to ta zama sensa kamar kowace, ana iya cewa in ta wuce kaza a kashe famfon ruwa.

Matsaloli

A 2023 an sake fasalin teburan rumbun Home Assistant, aka ɗauke sunayen na'urori daga teburin states, inda ake rubuta duk canjin da aka samu, aka kai su wani tebur mai suna states_meta, tambayoyin da mutane suka rubuta tun da can da yawa suka daina aiki, sai da aka zauna aka sake rubuta su. Sannan tambaya mara kyau takan sa a karance tebur mai miliyoyin layuka duk rabin minti, a kan katin memori kuwa wannan yana jawo nauyi sosai har allon gida ya riƙa tsayawa. Mai neman lissafin wata ko shekara gara ya nufi teburin statistics, wanda ke tara taƙaitawar awa-awa kuma ba a share shi bayan kwana 10.

Ana muhawara kan barin SQLite a koma MariaDB. Wasu na ganin MariaDB ya fi sauri, wasu na cewa gyare-gyaren baya-bayan nan sun rage bambancin.